Jarina a Shekarar Kulle

Fataucin mazarƙwaila nake yi. Ina saye a hannun masu matsar rake a ƙauyukan Makarfi da Kudan, in tara a gida nan Janfalan, idan ta kai lodi in kai Kano. Ribar shekara kusan duk a azumi take, lokacin da kowane gida ke neman abin zaƙin kunu da koko. Don haka a farkon 2020 na zuba duk abin da na mallaka a kaya, har da ɗan bashin masu matsa a kaina, ina jiran Ramadan.

Ranar 26 ga Maris gwamnatin Kaduna ta kafa dokar kulle. Bayan kwana biyu Gwamna Nasir El-Rufai ya sanar cewa shi ma ya kamu da korona. Aka rufe kasuwanni, aka dakatar da Juma'a, aka tsare iyakokin jiha. Mu mutanen ƙasar Ikara da Kano muke maƙwabtaka, kuma can cinikinmu ya karkata. An ce motocin abinci za su iya wucewa, amma kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, sannan a tsakiyar Afrilu Kanon ma aka kulle ta. Wa za ka kai wa?

Mazarƙwaila kuwa ba ta jimirin damina. Da iska ta ɗauki laima sai ta fara naso, ta yi laushi, ta manne da juna, darajarta ta zube. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, hadari ya fara haɗowa, ni kuma ina kwana da ɗaki cike da kaya, aljihu babu ko na cefane.

Labarin tallafi a rediyo muka ji shi. Tun a Maris Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 ta hannun bankin NIRSAL: magidanci zai iya samun har miliyan 3, ƙaramar masana'anta har miliyan 25, da ruwa kashi 5 cikin ɗari, daga baya ya koma kashi 9. Shugaba Buhari kuma, a jawabinsa na 29 ga Maris, ya ɗaga wa masu bashin TraderMoni da MarketMoni da FarmerMoni ƙafa na wata uku. Wannan bai shafe ni ba, don ban ci ba. Na bankin kuwa ta intanet ake nema, da lambar BVN da asusu, ga kuma batun ruwa da ya tsaya mini a rai. Na sami malaminmu a zaurensa na ce, "Allah gafarta Malam, jarina na narkewa, ga bashin gwamnati amma da ruwa." Ya ce, "Larura tana da hukuncinta. Amma ka fara duba ko ƙofofin halal sun ƙare tukuna." Daga baya an fito da tsarin da babu ruwa a ciki, abin a yaba. Sai dai kayana ba za su iya jiran lokacin ba.

Ƙofofin ba su ƙare ba, kunyar ƙwanƙwasawa ce ta yi mini nauyi. Na daɗe ina juya waya a hannu kafin in kira dattijon da nake kai wa kaya a Kano. Na ce, "Alhaji, kaya na hannuna, hanya ta ƙi." Bai bar ni na ƙarasa ba. Ya ce, "Yaro, zan turo maka rabin kuɗin ta hannun mai POS. Ran da hanya ta buɗe ka kawo, mu yi lissafi." Babu takarda, babu shaida, a lokacin da nasa shagon ma yake rufe. A adashenmu wanda kwasa ta zo kansa ya ce a ba ni, shi ya koma gurbina. Masu matsa da ke bina suka yi shiru da maganar har bayan Sallah. Maiɗakina ta riƙa farfasa wadda ta fara laushi tana sayarwa maƙwabta a cikin gida, da haka muka riƙa ɗora tukunya.

Akwai abin da ban taɓa faɗa a fili ba. Tun da na yi aure ni ke auna zakkar fid da kai in aika gidajen da na san babu. A daren Sallar shekarar, wadda aka yi ranar 24 ga Mayu ba tare da an fita Idi ba a jiharmu, wani yaro ya yi sallama da ƙwaryar masara a ka, ya ce an ce a kawo. Na san gidan da ta fito. Na tsaya a soro zuciyata na ce mini in mayar, in ce an yi ɓatan kai. Na karɓa, domin a ranar na cancanta, kuma yarana sun ci tuwonta. Wanda ya aiko ya zaɓi duhun dare da ɗan aike don kada mu haɗa ido, kuma har yau bai taɓa tayar mini da zancen ba. Tun daga ranar, idan mutum ya zo neman rance wurina ba na barin sa ya yi dogon bayani. Na san abin da ya haɗiye kafin ya iso ƙofata.

Taimakon gwamnati na kyauta ya zo, ba zan ɓoye alheri ba. A cikin shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3 da Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya jagoranta, an ware biliyan 75 don ƙananan sana'o'i, aka buɗe rajista ranar 21 ga Satumba. Masu sana'ar hannu da masu sufuri naira 30,000 kowanne. Ƙanena ɗan acaɓa ya samu, ya gyara injin babur ɗinsa. An kuma yi wa sana'o'i 250,000 alkawarin rajistar suna kyauta a hukumar CAC, ni ma a nan na sami takardata. Amma daga Maris zuwa Satumba wata shida ne. Mai ƙuli-ƙuli ko daddawa a cikin gida, wadda jarinta bai wuce na kwano biyu ba, tun makon farko aka cinye shi. Ba ta da asusu, ba ta da babbar waya, sunanta ba ya cikin kowace ƙungiya. Ita ta fi kowa buƙata, ita ce kuma tsarin bai gani ba.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne waɗanda suka karɓi bashin banki suna ce masa "kuɗin korona", a zatonsu rabon arziki ne. Wasu ma sai da masu cike musu fom suka yanki kaso mai tsoka. Alhali tun Agustan 2020 akwai ƙa'idar da ta ba bankuna damar cire bashi daga duk asusun da ke ɗaure da BVN ɗin mutum. Na ga magidancin da aka turo wa kuɗin taki, kafin ya isa wurin mai POS an zare. Bashin da ya sa wa hannu ne, cikakkensa, har da kason da wani ya ci.

Bayan an buɗe hanya na kai wa Alhaji abin da ya tsira, na fita da kusan rabin jarina. Da kaka ta yi, mu 'yan mazarƙwaila na yankinmu muka kafa ƙungiya, muka buɗe asusu da sunanta, muka ware wani zubi dabam da adashe wanda ba a taɓa shi sai hanya ta toshe, kuma rance ne babu ruwa. Na dage sai an sa matan da ke sarin kaya a hannunmu, ko da zubinsu kaɗan ne. An yi ta gardama a kai kafin a yarda. Karon farko da muka taɓa wannan zubin shi ne farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace a kasuwa masu matsa suka ce ba sa karɓar tiransifa. Matan nan aka fara ba wa.