Alamar tarawa mai jiran izini

Duk wanda ke sarin atamfa daga Kano zuwa Briqueterie ya san naira da sefa ba sa kwana a aljihu ɗaya. Ita sefar ma biyu ce: tamu ta Afirka ta Tsakiya da ta su Nijar. Darajarsu ɗaya, 655.957 a kan yuro guda, amma miƙa wa mai tsire a Tsinga takardar Yamai ka ga kallon da zai yi maka.

Ni aikin rediyo nake, ƙanena da ke karatun kwamfuta a Ngoa-Ekelle ne ya nuna mini akwai harshen rubuta manhaja mai irin wannan taurin kai. Sunansa Ada. Bafaranshe Jean Ichbiah ya jagoranci tsara shi domin ma'aikatar tsaron Amurka, ya fito a 1983. A cikinsa kana iya ƙirƙirar naka nau'in lamba, ka kira shi Sefa, ka ajiye a kunshi mai suna Kudi. Sai dai in ka koma wani sashe na manhajar ka rubuta A + B, sai kwamfuta ta ce ba ta ga alamar tarawar ba. Tana nan, amma a kulle cikin kunshin.

Da, sai ka kira ta da cikakken suna, Kudi."+"(A, B), abin da ko karanta shi gajiya ne, ko ka buɗe kunshin gaba ɗaya, tarkacensa duka su zubo maka. A 1995 aka samo tsakiya: ka rubuta use type Kudi.Sefa, sai alamomin lissafi da na kwatantawa kaɗai su fito fili, sauran su zauna inda suke.

Ƙanena yana ganin wannan wahalar banza ce. "Yaya, wasu harsunan ba ruwansu da wannan," in ji shi. Ni kuwa abin ya burge ni, domin ko bayan ka buɗe ƙofar, in ka ce a tara Sefa da Naira, ƙi zai yi. Na sha karanta sanarwar gudummawar masallaci a iska, wani ya bugo waya yana tambaya: dubu ɗarin nan, ta wace ƙasa? Kumbon NASA da aka aika duniyar Mars ya salwanta a 1999 saboda ɓangare ɗaya ya yi lissafi da ma'aunin fam, ɗayan da na mita, lambobin kuma suka shige ba wanda ya tare su.