Akwatunan Lasifikar Kawu

Duk wanda ya taɓa riƙe goge ko gurmi ya san ba tsirkiya kaɗai ke yin sauti ba. Ka cire ƙwaryar, ka ɗaure tsirkiyar a jikin sanda, ka kaɗa, abin da za ka ji bai wuce kukan sauro ba. Mun san wannan sarai a kan kayan kiɗanmu na gado, amma da an zo kan lasifika, wadda a nan Arewa muka fi kira bafal, sai mu mance. Idan ta lalace, sai a ɗauki kayan cikin a kai wa mai gyara, akwatin kuwa a bar shi a bayan ɗaki yana shan rana da ruwa, wai ai katako ne kawai.

Alhali akwatin shi ne ƙwaryar. Baƙar takardar nan mai siffar mazurari da ke gaban lasifika, aikinta tura iska. Idan ta yi gaba, ta matse iskar da ke gabanta, a lokaci guda ta bar gurbi a bayanta. In babu akwati, iskar gaban sai ta zagaya ta gefe ta cike gurbin bayan, su kashe juna, sauti mai kauri ya ɓace, a bar ka da tsiwa. Akwatin ne ke raba gaba da baya. Irin lasifikar da muke amfani da ita yau, mai maganaɗisu da naɗin waya, wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana tsarinta a 1925, kuma tun lokacin masana ke ta fama da tambayar akwatin da ya dace da ita. Ramin nan da kake gani a gaban wasu akwatunan, wanda yara ke cusa hannu a ciki, ba ado ba ne. Albert Thuras ya samu rajistar wannan dabarar a 1932, kuma faɗin ramin da zurfinsa a lissafe suke da girman akwatin.

Na yi wannan shimfiɗa ne don mai karatu ya gane abin da ya sa na kwashe kusan wata biyu a tsakar gida ina fama da wasu tsofaffin akwatuna biyu, har maƙwabta suka fara tambayar ko na bar aikina na koma kafinta.

Na kawuna ne, yayan mahaifiyata, Allah ya jiƙansa. A Sakkwato ya sayo su zamanin Seyni Kunce, lokacin da samariya ke tashe, kowace unguwa da taronta da wasanta. Sana'arsa ke nan bayan noma: da an gama girbi, aure ya kankama, sai ya ɗora akwatunan a amalanke tare da ampili da batirin mota da jakar kaset, ya bi ƙauyukan Tibiri. Biki, suna, taron gari, wa'azi, duk wanda ya biya ya samu. Akwatin da ya rera Shata da Ɗan Anace daren Asabar, shi ne zai ɗauki karatun malam da safiyar Lahadi, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, kayan waje suka ninka kuɗi, sai Kawu ya cire rai da sayen sababbi. Faci a kan faci ya yi ta yi har ƙarfinsa ya ƙare.

Bayan rasuwarsa suka zauna shekaru a ɗakin ajiya, tare da tsohuwar garma da buhunan da ba a amfani da su. Abin da ya taso da maganarsu shi ne masu sayen gwangwan, waɗanda ke son maganaɗisun da wayar jan ƙarfen da ke ciki. Sun yi tayi, Inna, matar Kawu, ta kira ni.

"Ɗana, zo ka duba tarkacen kawunka. In ba su da sauran amfani a ba mutanen nan, ko na cefane a samu."

Autansu yana wurin, taubashina, saurayi mai shekara ashirin da 'yan kai. Ya gama makaranta, aiki bai samu ba, kullum yana fada ana dafa shayi. Wata masaniyar al'adu, Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana bincike a Dogondutsi, ta fitar da littafi sukutum a 2019 a kan irin wannan zama na samarin Nijar, amma mu ba sai an karanta mana ba, a ƙofar gida muke ganinsa. Yaron ya riga ya fara maganar tafiya arewa ta hanyar Agadas, Inna kuma ta daina barci. Na ce a ba ni akwatunan in gwada, in sun tashi ya gaji sana'ar ubansa. Ya kwashe da dariya, irin ta taubasai.

"Kai dai bawana, ka cika son wahala. Wa zai ɗauki hayar akwatin gawa a zamanin Bluetooth?"

Na ce masa ubangijin da bawansa ke ciyarwa ai bakinsa alaikum.

Da na kawo su Dogondutsi na buɗe, na ga abin da shekaru suka yi. Gara ta cinye gindin ɗaya har yatsa na shiga. Murfin bayan ɗayan ba na asali ba ne, wani lokaci an musanya shi da katakon nan na garin zarto da ake matsewa da gam, ruwa ya taɓa shi ya kumbura kamar burodi. Zanzaro ya gina gidaje a cikin ramukan gaba ya toshe su, ɓera ya kwashe audugar ciki ya yi sheƙa. Soson da ke zagaye bakin takardar ya ruɓe, kana taɓa shi yana zuba. Amma jikin akwatunan filawud ne na gaske, falle-falle a manne, mai kauri, kuma da na ƙwanƙwasa da bayan yatsa ya amsa da ƙarfi.

Gwajin farko ba ya cin ko dala. Ka samu ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5, ka taɓa wayoyin lasifikar biyu da shi. In takardar ta motsa ta ce "ɗuf", naɗin wayar na da rai. Duka biyun suka amsa. Sai na kwance su na kai wa wani mai gyaran rediyo a kasuwa ya sa musu sabon soso a baki, domin wannan aikin mai hannu ne: in naɗin ya karkace ko da kaurin gashi, zai riƙa gogar maganaɗisu yana ƙarar tsiya. Akwatunan kuwa na ce nawa ne.

Inda gara ta ci, babu lallashi. Na yanke har sai da na kai katako mai lafiya, kafinta ya yanko mini sabon filawud daidai awo, na manne da farin gam na ɗaure da sukuru, na ƙara 'yan sanduna a kusurwoyin ciki. Ƙananan ramuka da tsagogi na cike da garin zarto da aka kwaɓa da gam. Murfin da ya kumbura na jefar. Daga nan sai babban aikin da ido ba ya gani, wato toshe duk wata kafa da iska za ta iya fita in ba ramin gaban ba. Dabarar da na bi ita ce in kunna tocila in sa a ciki da daddare, in rufe, in zagaya ina duba inda haske ke leƙowa. Duk inda haske ya fita, iska ma za ta fita, kuma nan ne akwati ke yin fito da karkarwa in an ƙure sauti. Ciki na shimfiɗa masa sabuwar auduga a bango, ba cushe ba, don ta shanye amon da ke kai da komo.

Sa'ad da na juya murfin bayan ɗaya akwatin, na asalin, don in goge ƙura, sai na ga rubutu. Da fensir, da hannun Kawu, layi-layi daga sama har ƙasa. Sunan gari, sai adadin kuɗi da dala. Kore Mairuwa, Dumega, Tibiri, Matankari, wasu ƙauyukan ma ban san su ba. Ashe nan ne littafin bashinsa, wurin da ba mai gani sai wanda ya kwance sukuru takwas. Mafi yawa an ja musu layi, alamar an biya. Guda bakwai ba a ja ba.

Na ɗauki murfin a babur har Tibiri na nuna wa Inna. Ba ta karatun boko, sai na karanta mata. Ta yi shiru, tana gyaɗa kai a wasu sunayen, har ta tuna bikin da aka yi a ɗaya daga ciki da ruwan da ya dake su a hanyar dawowa. Da na zo kan bakwai ɗin, taubashina ya ce ai haƙƙin magada ne, a bi sawu. Inna ta dube shi.

"Ubanka ya san gidajensu ƙofa-ƙofa, shekara nawa bai je ba? Nawa kason na yafe. Ku kuma kun san naku."

Bai sake cewa komai ba. Washegari ya zo Dogondutsi da kansa, ya karɓi sanfefa daga hannuna.

A nan muka yi gardamar da ta fi kowace tsawo, mu uku da kafinta. Shawarar kafinta ita ce a lulluɓe akwatunan da baƙin kafet, a sa musu ƙarfe a kusurwa, kamar na masu kiɗan Yamai. Ya fi sauƙi, ya fi arha, kuma yana ɓoye kowane aibi. Taubashina yana son a ƙara fitilu masu walƙiya. Ni kuma na ƙi kafet ɗin, kuma har yanzu ina kan ra'ayina. A ƙasar da hunturu ke busa ƙura wata uku, kafet rumbun ƙura ne, kuma a ƙarƙashinsa gara za ta yi aikinta ba wanda ya sani sai ta gama. Wannan hujjar aiki ke nan. Ɗaya hujjar ita ce jikin akwatunan ma rubutu ne. Ga zoben da kofin shayi ya bari a sama, ga ƙunar gawayi a gefe, ga kwarmin da igiyar amalanke ta ci a kafaɗa shekara da shekaru. Akwai bambanci tsakanin lalacewar da ke kashe sauti da tabon da ke nuna an yi aiki. Ta farko a kawar da ita ba tausayi. Na biyun ban ga dalilin jin kunyarsa ba. Mun cika ɗaukar gyararren abu a matsayin shaidar talauci, shi ya sa muke son gyaran da zai yi ƙaryar cewa sabo ne.

Ko ba don wannan ba ma, sanfefa tana da iyaka. Fallen saman filawud siriri ne ƙwarai, in ka dage sai ka goge tabo mai zurfi, za ka huda shi ka faɗa fallen ƙasa wanda zarensa ya gitta, daga nan kuma babu gyara. Mun fara da mai lamba 120 don cire tsohon fenti da datti, muka gama da mai lamba 220, kullum muna bin tsawon zaren katakon, ba a gicciye ba. Mai lamba 80 a sabon katakon gindi kawai muka sa ta.

Shafa man ƙyallin katako, wanda kafintocinmu ke kira berni, shi ne ya fi neman haƙuri, don a cikin hunturu muka yi. Man yana ɗanye, ƙura na sauka, in ya bushe ka shafa ka ji kamar bangon laka. Sai muka koma cikin ɗaki, mu yayyafa ruwa a ƙasa, mu rufe taga, mu shafa da sassafe kafin iska ta tashi. Shafi uku sirara, kowanne a bar shi ya kwana, a ɗan bi shi da sanfefa mai laushi kafin na gaba. Tela ya ba mu baƙin yadi na rufe gaba, irin wanda in ka kara a baki ka hura za ka ji iska a tafinka. Murfin mai rubutu ba mu taɓa cikinsa ba, muka mayar da shi yadda yake.

Ba zan zalunci sababbin lasifikun Sin da suka cika kasuwa ba. Ba su da nauyi, batirinsu na ciki, yaro ma zai haɗa su da waya. Lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa Maris na 2024, su suka rufa wa bukukuwa da yawa asiri. Sai dai jikinsu roba ne, zafin bazara da ke haura digiri 40 yana gasa shi ya tsage, kuma komai nasu a dunƙule yake: in batiri ko allon ciki ya mutu, sau da yawa duka ta tafi. Na Kawu kuwa akwati daban, ampili daban, batiri daban. Wanda ya gaza shi kaɗai za a canja.

Wajen haɗawa akwai abu biyu da na nanata wa yaron. Kowace lasifika om 8 ce, in ya jera biyun a layi ɗaya sun koma om 4, don haka ya tabbata ampilin zai ɗauka, in ba haka ba zai yi zafi ya ƙone. Sannan jar waya ga ja, baƙa ga baƙa, a duka biyun. In ya juya ɗaya, wannan na turawa wancan na ja, kaurin sautin ya mutu a tsakaninsu, jama'a su ce kayan ba su da ƙarfi.

Ampilin na hannu muka saya, da ƙaramin faifan sola da batiri, ni na ranta masa kuɗin. Fitilun ma ya sa abinsa, amma a kan wani katako daban da yake ɗorawa a sama, don na hana shi huda akwatin. Hayar farko wani suna ne a Matankari, jika biyar da abinci. Ta biyu walimar saukar karatu ce a unguwarsu. Maganar Agadas bai ce ya fasa ba, ya dai ce sai bayan sallah ya gani. Ran nan da ya zo biyan kason farko na rancen, na tambaye shi inda yake rubuta lissafinsa. Ya ce a waya, amma akwai mutum biyu da ba su cika masa ba tukuna, yana neman fensir.