Wasiƙa Zuwa Ga Garmahon Zauren Kakana

Garmaho, sallama gare ka, duk inda ƙarafunanka suka ƙare.

Daga Daura nake rubuto maka, daga zauren nan da ka sani. Zamanin Sarki Abdurrahman kakana ya sayo ka a Kano, ya naɗo ka cikin bargo kamar jinjiri. Ba mai taɓa ka sai shi. Bayan lisha zai wana ka da hannunsa, ya zaro allura daga ɗan gwangwaninta, ya hure ƙurar faifai, ya aza. Mu yara muna durƙushe a kan tabarma, idonmu a kan hoton karen nan da ya kasa kunne a bakin ƙaho. Minti uku ka gama fuska guda. In ƙarfinka ya soma sanyi, muryar mawaƙi ta ja kamar mai gyangyaɗi, sai mu yi ta roƙo a ƙara wana ka.

Yawancin faya-fayanka na gida ne, kalangu da taushi da kukuma. Guda ɗaya ne baƙo: na Louis Armstrong, baƙar fatar Amurka, haifaffen New Orleans, mai busa ƙahon tagulla da murya kamar ana jan turmi a kan tsakuwa. Ka tuna daren da wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya tsufa yana busa algaita a hawan Sallah da na Gani, ya ji shi? Sau uku ya sa aka mayar da allura farko. Ya yi shiru, sannan ya ce mutumin ya san inda ake ajiye numfashi, amma yana so a gaya masa wa yake yi wa kirari. A garinmu busa magana ce. Kakaki ba ya tashi sai don Sarki, algaita kuma tana kiran mutum da sunansa da na kakanninsa. Ga ƙaho yana kuka, yana dariya, ba ubangida a gabansa. Abin ya tsaya wa dattijon a rai, har ya riƙa dawowa don wannan faifan kaɗai.

Daga baya na san cewa su ma mawaƙan Amurka kunnensu na nan wajenmu. A 1960 Armstrong ya zo Nijeriya, har ya gana da Sardauna a Kaduna. Yusef Lateef, wani gwanin jaz, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin sarewar Fulani. Na so a ce hanya ta biyo da ɗayansu ta rijiyar Kusugu, ya zauna a tabarmar nan.

Ba na zargin rediyo. Da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, Shata da Ɗan Maraya suka shiga kowane gida ba wani wanawa, kaset ya zo ya ƙarasa. Aka tura ka ƙarƙashin gado. Faya-fayanka masu gautsi suka bi zafin bazara da hannun yara, ɗaya bayan ɗaya, ni ma da hannuna a ciki, kuma har yau abin na ci mini rai.

Gidan Armstrong a New York yanzu gidan tarihi ne, an adana ƙahonsa da muryarsa. Jikana ya nemo mini waƙar faifan nan nasa a waya kafin in rufe baki. Na ce ya nemo mini algaitar dattijon. Ba wanda ya taɓa naɗar ta, ko sau ɗaya.

Bara da ake gyaran zaure an tsinci gwangwanin allurarka a cikin alkuki, da saura bakwai, duk sun yi tsatsa. Yana wurina.

Naka, ɗaya daga yaran tabarma.