Ni da Kalar Fim, da Fuskar Kakata

'Yan ajinmu sun san ni da ciwon kala. Ko bidiyon minti ɗaya aka turo mini sai na sami abin cewa: wannan sama ta yi fari da yawa, waccan inuwa ba ta yi duhu ba. Lokacin SIWES ciwon ya kama ni, a wani ɗan situdiyo mai ɗaukar bukukuwa. A can na fara ganin an ɗauko hoto a koɗe kamar tsohon zane, an murza wasu ƙwallaye uku a DaVinci Resolve, sai ga shi ya koma kamar fim ɗin Amurka. Da aka ce mini manhajar ma kyauta ake sauke ta, a daren na ƙarar da datata.

Abin da muke kira kalar fim ba wani sihiri ba ne. Ana tura inuwa zuwa shuɗi mai ratsin kore, a tura fatar mutum zuwa ruwan lemo. Launukan nan biyu kishiyoyi ne a da'irar launuka, shi ya sa idan suka haɗu mutum yake fitowa ɓaro-ɓaro daga abin da ke bayansa. Sai a danne baƙi ya ƙara baƙi, hoto ya yi nauyi. Wanda ya kalli Mad Max: Fury Road na 2015 ya ga inda aka kai abin ƙarshe. Mu kuwa gajeriyar hanya muke bi: mu sauke LUT daga intanet mu ɗora. LUT ɗan fayil ne mai umarni ɗaya: duk inda ka ga wannan launi, mayar da shi wancan. Bai san fuska ba, bai san atamfa ba.

A hutun bara aka yi bikin yayata. Baba ya ce babu namijin da zai shiga cikin mata da kyamara ranar kamu, sai Umma ta ce ai ga 'yar boko a gida. Wallahi ranar kaina ya kumbura. Na aro kyamara wajen wani ɗan kwas ɗinmu, aka fara bayan la'asar a tsakar gida, aka kai har bayan isha ƙarƙashin ƙwayayen nan masu jan haske, janareto yana ta ruri. Hasken rana wajen 5600 yake a ma'aunin Kelbin, na irin waɗannan ƙwayaye wajen 3200. Na san wannan, har na rubuta shi a jarrabawa. Amma daga farko har ƙarshe ban taɓa saitin farin kyamarar ba.

Dare uku na yi a kan aikin bayan mun dawo makaranta, a ɗakin hostel, fitila a kashe, hasken laftof a ƙure. A wannan duhun komai ya yi mini kyau. Na ɗora LUT ɗina gaba ɗayansa, na ƙara danne inuwa, na tura a guruf ɗin gidanmu ina jiran yabo.

Umma ce ta fara magana. "Wace atamfa ce wannan?" Ankon da ta je har Kantin Kwari ta zaɓo, kore shar, ya koma wani shuɗi-shuɗi da babu wadda ta sa shi a bikin. Wannan mai sauƙi ne. Washegari Yaya ta kira, muryarta a ƙasa. Bidiyon ya isa dangin mijinta, kuma wata ta tambaye ta, cikin raha wai, wane mai take shafawa. Jan hasken ƙwai ya haɗu da ruwan lemon LUT, fuskarta ta yi jawur kamar an shafe ta da manja, hannuwanta da ke cikin inuwa kuma suka yi duhu. Kowa ya san abin da ake nufi da irin wannan tambaya. Yaya ba ta taɓa bilicin ba a rayuwarta, ga ta amarya sabuwa a gidan mutane, ni na ja mata.

Sai Kaka. Baƙa ce wuluk, mai kyau, kuma a rumfa ta zauna saboda hayaniya. A bidiyona babu abin da ake gani sai farin mayafi da carbi suna motsi. Ita dariya ta yi. Ta sa aka kira ni ta ce, "Kishiya, baƙin cikin kyauna kike yi, shi ya sa kika goge ni?" Na ce zan gyara, Hajiya. Ban gyara ba. Gwaje-gwaje suka zo, wuri ya cika a laftof, na goge ainihin fayilolin na bar wanda na gama kawai.

Wata huɗu bayan nan Allah ya yi mata rasuwa. Allah ya jiƙanta. Bayan sadakar bakwai kawuna ya ce, ke mai kyamara, ai ke kika ɗauke ta na ƙarshe, a turo mana.

Na buɗe bidiyon na ɗaga inuwar, ina tsammanin fuskar tana nan a ɓoye. Ba ta nan. Hoton da aka fitar a bit 8 matakai 256 ne kacal gare shi a kowane launi, ja da kore da shuɗi, kuma duk abin da ka danne ya kai sifili ya tafi ke nan. Abin da ya fito wasu dabbare-dabbare ne masu toka-toka a inda ya kamata a ga ido da hanci. Na rufe laftof ɗin na yi kuka mai isata.

Mai kyamarar ne ya cece ni, shi ma ba da gangan ba. Ashe kafin ya wanke katin ya kwafe wani sashe don ya ga yadda kyamararsa ke yi da daddare. A ciki akwai daƙiƙa arba'in da 'yan kai na rumfar.

Wannan karon ban yarda da idona ba. Na kai wa malamin da ke kula da situdiyon sashenmu, ya zaunar da ni ya ce in manta da LUT tukuna. Gyara daban, ado daban, kuma gyara ake fara yi. Muka buɗe ma'aunin haske, wanda a Resolve yake tashi daga 0 zuwa 1023, muka ɗaga fuskar daga ƙasa har ta rabu da duhun rumfa. Muka ɗauki mayafinta a matsayin fari, muka rage jan hasken har ya zama fari na gaske. Sannan ya nuna mini wani layi a bektaskof, ma'aunin launi mai kama da faranti. Fatar ɗan Adam, fari ne ko baƙi, kusa da wannan layi take faɗawa, tsakanin ja da rawaya. Bambancin yawanci a haske yake. Wato baƙar fata ba rashin launi ba ce, launi ne cikakke mai son a ba shi haske. Ya kuma ba ni labarin katin Shirley na kamfanin Kodak, hoton Baturiya da masu wankin hoto suka daɗe suna saita injinansu da shi. Tun daga ranar, duk LUT da na sauke sai na tambayi kaina a kan fuskar wa aka gwada shi.

Ba wai na tuba da kalar fim ba ne, kada 'yan ajinmu su yi murna. A furojet ɗina na ƙarshe akwai shuɗin nan a inuwa, sai dai ban kai rabin ƙarfinsa ba, na keɓe fuskoki, kuma ina dubawa a waya biyu da rana tsaka kafin in fitar. Fayilolin asali kuma suna wuri biyu.

Na Kaka kam ban sa masa komai ba. Ga ta zaune, ankon jikokinta kore shar yana giftawa a gabanta, tana jan carbi, sai ta ɗago ta harari kyamara ta yi wata magana da kiɗa ya hana a ji. Umma ta kalla a wayarta, ta ce in mayar baya. Sau huɗu muna mayarwa, muna gardamar abin da ta ce. Yaya ta dage cewa ni take zagi.