Abin da Jita ta Koya wa Hannuna na Hagu



Akwai wata cuta da ke damun mu, mu da muka haura shekara 50, wadda ba a auna ta a asibiti. Ita ce kunyar zama ɗan koyo. Mutum ya saba shi ake tambaya, a kasuwa ko a masallaci, sai ya ga kamar faɗuwa ce a gan shi yana lalube a kan abin da yaro ɗan shekara 12 ya iya. Shi ya sa har yau wasunmu ba sa iya tura kuɗi ta waya sai sun kira yaro, wasu kuma takardar haya ma sai an karanta musu. A kan wannan nake so in yi magana, amma ta hanyar da na san za ta ba wasu mamaki, wato jita.

Waɗanda suka san ni sun san shekara biyu da suka wuce Allah ya jarrabce ni da shanyewar ɓarin jiki. Ta zo da sauƙi, alhamdu lillahi. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo, amma hannun hagu ya ƙi. Yatsu uku na ƙarshe suka zama kamar na aro. Mai goro kuwa da hannu yake ci: ƙirga ƙwarya, tsince ruɓaɓɓe, jan igiyar huhu, duk aikin yatsu ne. Maɓallin riga ma sai uwargida ta saka mini. Ma'aikaciyar da ke motsa mini gaɓoɓi a asibiti ta ba ni ƙwallon roba in riƙa matsawa, ta ce kuma in riƙa tsintar wake ɗaya-ɗaya ina zubawa a kwano. Na yi, amma magidanci mai shekara 54 zaune a tsakar gida yana tsintar wake, zuciya ba ta daɗewa tana jurewa. Da na gaya mata, sai ta ce in nemi duk abin da zai sa yatsun aiki kullum ba tare da ya gundure ni ba.

Akwai wani dattijo Bayarabe, tela, da muke katanga ɗaya da shi ta wajen Mokola. Ya yi kiɗan juju da ƙuruciyarsa, zamanin da Sunny Ade da Ebenezer Obey ke tashe. Shi ya shigo mini da tsohuwar jitarsa a cikin buhu, ya ce, "Alfa, ga magani. Ban ce ka iya ba, ka dai riƙa taɓawa." Dalilinsa shi ne, ga mai amfani da dama, hannun hagu ne ke danna tsirkiya, kuma kowane yatsa da nasa aikin.

Na san tambayar da ke bakin wasu, tunda ina jan salla idan liman ba ya nan. Ba zan ɓoye ba: mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa masu tsirkiya. Akwai kuma waɗanda suka halatta, irin su Ibnu Hazmi na Andalus, wanda ya rasu a 1064. Na kai maganar gaban malamina kafin in taɓa ta, na bayyana masa lalurata, na kuma tsaya a inda ya tsayar da ni: a ɗakina, ba taro, ba a lokacin salla ba. Duk da haka akwai dattijon da ya yi wata biyu ba ya bi na salla, kuma ban ga laifinsa ba. Wannan rubutu ba fatawa ba ne. Wanda ya riƙi hani, ya cire kalmar jita ya sa keken ɗinki ko karatun boko, maganar ba za ta canja ba.

Ita jita tsirkiya shida gare ta. Daga mai kauri zuwa siririya, sunayensu E, A, D, G, B, E. A wuyanta an gitta wasu siraran ƙarafa da suka raba shi gida-gida. Idan ka danna tsirkiya a wani gida ka gajarta ta, sai muryarta ta ƙara tashi. Ƙarfe na 12 shi ne daidai rabin tsirkiya. Mu da muka tashi muna jin gurmin Haruna Uji da kuntigin Ɗan Maraya Jos, abin ba baƙo ba ne, tsirkiyoyin ne kawai suka yi yawa. A sama kuma akwai kunnuwa shida da ake murɗawa a yi saiti. Da can da kunne ake yi, yanzu akwai manhaja a waya, kyauta, da za ta nuna maka ka ƙara ɗaurewa ko ka sassauta. Kullum kafin ka fara sai ka yi saiti, don jitar da ba ta saitu ba ko gwani ya kaɗa ba ta daɗi, balle kai.

Abu na farko da Baba ya sa ni ba waƙa ba ce. Yatsa ɗaya a gida na ɗaya, na biyu a gida na biyu, na uku, na huɗu, sannan in koma tsirkiya ta gaba. Ya ce in yanke farcen hagu ƙasa-ƙasa, in danna da kan yatsa, dab da bayan ƙarfen, ba a tsakiyar gida ba, don a nan ne tsirkiya ke kamawa ba sai an yi ƙarfi ba. Minti 10 da safe bayan na dawo daga masallaci, minti 10 bayan isha'i. Ya hana ni ƙarawa. Ya ce wanda ya yi awa uku ranar Lahadi ya ajiye sai wata Lahadin, mai minti 10 kullum zai wuce shi. Wannan kam ba sai an gaya wa wanda ya yi tilawa ba.

Makonnin farko akwai zafi, wallahi. Tsirkiyar ƙarfe tana shata layi a kan yatsa kamar an ɗaure shi da zare. Sai a hankali kanta ta fito, zafin ya tafi. Wanda fatarsa ba ta jurewa yana iya farawa da jita mai tsirkiyar roba, ta fi laushi, sai dai wuyanta ya fi faɗi. Wanda kuma zai saya, ya duba tazarar tsirkiya da wuya. Idan ta yi sama da yawa, ko ƙato ne zai sha wuya, kuma sau da yawa mutum kan zaci shi ne bai iya ba alhali kayan ne. Danshin Ibadan ma ba ya raga wa ƙarfe, don haka in ka gama ka goge tsirkiyoyin da ƙyalle kafin tsatsa ta ci su.

Daga nan aka zo kamu, wato abin da masu jita ke ce wa kod: ka danna tsirkiya biyu ko uku a lokaci ɗaya ka kaɗa su tare. Mafi sauƙi shi ne Em, yatsu biyu kawai a gida na biyu. Ɗana ƙarami, wanda ke leƙowa yana kallo, ya kama shi a yini guda. Ni sai da na yi mako shida kafin tsirkiyoyin shida su fito tas ba wadda ta dushe. Daga Em zuwa Am na ci wata biyu. G da C da D suka cinye sauran shekarar. Kama kamu ma ba shi ne wuyar ba, sauyawa daga wannan zuwa wancan ba tare da hannun dama ya tsaya yana jira ba, nan gizo ke saƙar. Dabarar Baba ita ce in rage gudu har sai na kai inda ba na tuntuɓe, ko da kuwa gudun hawainiya ne, sannan in ƙara kaɗan.

A nan ne zuciya ke shigowa. Ranar da yaron nan ya ɗauki jitar ya kaɗa waƙa sukutum, wata uku kacal da fara taɓa ta, na ji wani abu ya tokare ni a ƙirji. Ya lura, ya ce, "Baba, in nuna maka?" Na ce nuna mini. Ya kama yatsana na tsakiya ya ɗora inda ya dace, kamar yadda na taɓa kama nasa ina ɗora shi a kan baƙi da wasali. Daga ranar ya zama malamina na biyu, kuma hirar da muke yi a minti 10 ɗin nan ta fi wadda muke yi a mako guda a da.

Ni na yi Islamiyya, inda ake tafiya aji-aji, amma kafin nan na riƙe allo kamar kowa. Abin da ke burge ni da makarantar allo yanzu shi ne kowane ɗalibi da inda yake. Wannan yana Sabbi, wancan yana Tabaraka, duk a zaure ɗaya, kuma ba a wanke maka allo sai ka riƙe abin da ke kai. Ba wanda ke cewa ka makara don na kusa da kai ya wuce ka. Waya ce ta zo ta rikita mu. Ka buɗe YouTube ka ga yaro ɗan shekara bakwai yatsunsa na gudu kamar ruwa, sai gwiwarka ta yi sanyi. Ba a nuna maka shekarun da ya yi yana lalube. Ka ɗauki darasin ka bar gasar.

Ɗan nan nawa ne ya nemo mini labarin wasu mutum biyu. Django Reinhardt, wanda aka haifa a Beljiyam ya yi zamansa a Faransa, gobara ta ƙone masa hannun hagu a 1928, yatsu biyu suka nakasa. Ya sake koyo da sauran, har ya zama cikin manyan masu jitar duniya. Mdou Moctar kuma na nan Nijar, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Shi kuwa Ɗan Maraya, da ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya tak ya riƙe har duniya ta san shi. Ba na kawo su don in kai inda suka kai ba. Abin da na gani shi ne kowannensu da abin da ke hannunsa ya fara.

To, ina aka kwana? Har yau ban iya F ba, wanda sai ka shimfiɗa manuniya ta danne tsirkiya shida gaba ɗaya. Baba ya ce masu lafiyar hannu ma a nan da yawa ke ajiye jita, don haka ba na gaggawa. Ƙaramin yatsa har yanzu yana da taurin kai. Amma ina saka maɓallina da kaina, ina ƙirga ƙwarya da hannu biyu, kuma a kakar goron bana ni na ja igiyar huhuna. Ban ce jita kaɗai ta yi wannan ba. Akwai magani, akwai aikin asibiti da ban fasa ba, akwai addu'arku, kuma lafiya ta Allah ce. Duk mai irin lalurata ya fara tambayar masu duba shi.

Mu masu goro mun san daushe ba ya yiwuwa da garaje. Ka buɗe huhu, ka tsince, ka canja ganye, ka rufe, ka jira, sannan ka sake buɗewa. Ga dattawa irina, ajin yaƙi da jahilci ba ya tambayar shekaru, kuma yaron da ke ɗakinka ya iya abin da kake jin nauyin tambaya. Ga matasa kuma, idan tsoho ya zo yana lalube, ku rage gudu, kada ku karɓe abin daga hannunsa ku yi masa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara mana zaman lafiya da maƙwabtanmu.