Wuni Guda a Ƙofar Ruwa: Inda Ƙarfen Taya Ke Komawa Madubi

A hutun da ya wuce ne kawuna ya ɗauke ni zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. Motarsa yake son sayarwa don ya biya wa 'ya'yansa kuɗin makaranta, amma duk mai sayen da ya zo sai ya dubi ƙarafunan tayoyin, waɗanda makanikai ke kira rim, ya ga sun dushe sun yi fari-fari, ya karya farashi.

Tun kafin ka sauka daga adaidaita sahu ƙarar guduma za ta tarbe ka. Ga rodi jibge, ga injinan mota a ƙasa, ga ƙofofi da fitilu rataye, ƙasar kuma ta yi baƙi saboda mai. Muka yi ta kutsawa har wata rumfa inda wani dattijo da yaransa biyu ke goge rim.

Abin da dattijon ya fara yi shi ne ya shafa ɗan man goge ƙarfe a ƙyalle ya murza gefen rim ɗin. Ƙyallen ya yi baƙi. Ya ce wa kawu, "Alhaji, an dace. Alminiyom ne tsirara, zai gogu." Ashe da ƙyallen bai yi baƙi ba, to akwai fenti mai kama da gilashi a kai, sai an cire shi tukuna.

Daga nan sai sanfefa da ruwa. Sun fara da mai lamba 400, suka koma 800, sannan 1500. Yadda lambar ke ƙaruwa, haka sanfefar ke ƙara laushi, kowace tana share zanen da ta gabanta ta bari.

Sai na hango wasu sanduna kamar sabulun wanki, kala-kala, a kan benci. Na ce, "Baba, waɗannan fa?" Ya ce su ne sirrin aikin. Kowace sanda garin dutse ne ko na ƙarfe, an cuɗa shi da kaki ko kitse. Baƙar ita ce mafi kaushi, ta ƙarfe mai tauri ce. Mai ruwan ƙasa ita ake fara cin alminiyom da ita. Fara ita ke fito da ƙyalli a ƙarshe. Koriya ta ƙarfen da ba ya tsatsa ce, ja kuwa ta maƙeran zinariya da azurfa.

Da na koma gida na bincika, sai na ga sunan mai ruwan ƙasar tripoli, an samo shi ne daga birnin Tarabulus na Libiya, garin da ayarin fatake ya riƙa haɗa shi da Kano a zamanin da.

Ba a shafa sandar a jikin rim. Inji ne ke juya wani faifai na ƙyalle, sai a ɗan taɓa masa sandar daƙiƙa ɗaya ko biyu. Zafin gogayya ya narkar da kakin, garin ya manne a ƙyallen. Faifai mai ɗinki, mai tauri, shi ne na mai ruwan ƙasa. Sakakke mai laushi shi ne na fara.

A nan ne na ji kunya, ƙannena. Ganin ina jami'a, sai na ce a ba ni in gwada. Na ɗauki mai ruwan ƙasa na danna wa faifan fara, na cika shi, na kuma danne rim da ƙarfi. Wurin ya yi baƙi ƙirin, ga zane-zane a inda ya riga ya fara ƙyalli. Wani yaro da bai fi shekara 15 ba ya kashe injin ya ce, "Yaya, ba a haɗa kala biyu a faifai ɗaya. Kaushin waccan ya shiga, yanzu wannan faifan ba zai ƙara ba da ƙyalli ba." Kuɗin da na tara na sayen littafi, da shi na biya sabon faifai. Kawu bai ce komai ba, kallona kawai ya yi.

Dattijon ya ƙara mini da cewa ba a tsayawa gaban inji da babbar riga ko hannun riga sake, domin faifai na iya fizga. A riƙe aiki a ƙasan tsakiyar faifai, a sa tabarau, a rufe hanci saboda ƙura.

Dab da la'asar aka gama duka huɗun. Na leƙa na ga fuskata a ciki har da hulata. Aka shafa musu kaki, domin alminiyom da ya haɗu da iska yakan sake dushewa. Bayan kwana uku kawu ya sayar da motar a farashin da yake so.

Idan hanya ta kai ku Ƙofar Ruwa, ku tsaya ku kalli masu wannan aiki, ku yi tambaya da ladabi. Ni dai hutu mai zuwa na roƙi Baba ya ba ni gurbi, ya ce daga sanfefa zan fara.