Yini Guda a Bakin Tafkunan Manenguba

Dutsen Manenguba yana yammacin ƙasar Kamaru, kusa da garin Nkongsamba, tsayinsa mita 2,411. Tsohon dutse ne mai aman wuta. Da ƙoƙon kansa ya rufta, sai ya bar wani makeken kwari mai ciyawa, a cikinsa kuma tafkuna biyu suke kwance kusa da juna. Mutanen wurin suna kiran ɗaya Namiji, ɗayan Mace.

Matafiyin da ya nufe su ya tashi daga wajen Melong tun da asuba, da jaka a baya, ba komai a ciki sai gorar ruwa da burodi da rigar ruwa. Ya ratsa gonakin kofi, ya yi ta hawa har gwiwoyinsa suka fara ƙorafi. Da hantsi ya kai tozon dutsen, kwarin ya buɗe a gabansa, ga shanu da dawakin Fulani Mbororo warwatse a cikinsa kamar an zuba tsaba.

Tafkin Mace ne babba, ruwansa shuɗi, yana da hanyar da ake gangarawa har bakinsa. Ya sauka, ya tsoma hannu, sanyin ya ratsa shi. Namijin kuwa ba ya karɓar baƙo. Ruwansa kore ne, gangarensa a tsaye yake, itatuwa sun rufe shi ta ko'ina, sai dai a leƙa shi daga sama. Al'ummar Bakossi suna girmama wannan dutse a matsayin tushen kakanninsu, kuma wanda ya tsaya a kan wannan gaɓa ba zai yi mamakin haka ba. Shirun irin wannan ruwa ba abin sakin jiki ba ne: a cikin jerin duwatsun nan ne tafkin Nyos ya saki iska mai shaƙe numfashi a daren 21 ga Agusta 1986, mutane fiye da 1,700 suka rasu, da dabbobi dubbai.

Niyyarsa ita ce ya kewaye tafkunan biyu kafin ya juya. Bai gama da na biyu ba hazo ya taso daga ƙasa bayan azahar, fari fat, ya haɗiye ruwan da tozon da hanyar baki ɗaya. A irin wannan wuri kowace turbar shanu kama take da hanyar gida, ga rami a gefe wanda ido ba ya gani. Ya tsaya cak, wanda shi ne abin hankali, ya kasa kunne.

Kukan saniya ne ya fara iso shi, sannan wani yaro makiyayi da sanda a kafaɗa. Ba su da harshe ɗaya, amma da ya ce "sannu", yaron ya amsa, domin kalmar ta daɗe da shiga bakin Fulanin Kamaru. Ya ambaci Melong, yaron ya juya ya shige gaba, ba ya ko duba ƙasa. Sun yi tafiya mai ɗan nisa cikin farin duhun kafin yaron ya nuna masa wata turba da bakin sandarsa, ya karɓi rabin burodin, ya koma wajen shanunsa. Ana kiran magariba matafiyin ya shigo gonakin kofi, takalmansa sharkaf da laka.